Babi na Bakwai: Kwana Tara a Dajin Wiskonsin

A jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka akwai wata Asabar guda a shekara da gari ke wayewa ya tarar da mutum fiye da rabin miliyan a cikin daji, kowa da bindigarsa. Ita ce Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na Amurkawa, wanda suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Daga ranar ake buɗe farautar barewa da bindiga, a yi kwana tara cur, a rufe ranar Lahadi. Mutanen jihar gaba ɗaya ba su cika miliyan shida ba, ke nan a cikin kowane mutum goma kusan ɗaya yana dawa. A wasu garuruwan arewacin jihar makarantu kan ba da hutun makon sukutum, domin sun san ko an buɗe aji kujeru da yawa ba za su ga masu su ba.

Lokacin ƙarshen kaka ne. An kwashe masara da waken soya, itatuwa sun kakkaɓe ganye, sanyin asuba ya fara sauka ƙasa da sifiri, wata shekarar ma dusar ƙanƙara ta riga ta lulluɓe ƙasa. Maharba suna marhabin da ita, don tana nuna sawu, tana nuna jini, nama kuma ba ya saurin lalacewa. Iyalai da dama suna da wata bukkar katako a bakin daji wadda aka gada tun kaka da kakanni, ba a buɗe ta sosai sai wannan mako. Can ake taruwa daren Juma'a, kaka da 'ya'ya da jikoki, a hura murhu, a share bindigogi, a maimaita labaran da kowa ya riga ya haddace. Yaron da aka zo da shi karo na farko ba ya samun barcin kirki a wannan dare.

Dabbar da ake nema ita ce barewa mai farin wutsiya, wadda in ta firgita takan ɗaga wutsiyar sama, farin cikinta ya bayyana, sauran su gani su tsere. Ta fi barewar dajinmu girma nesa ba kusa ba, don babban namiji kan kai kilo 100. Namijin kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma ƙashi ne mai rassa, yana faɗuwa kowane hunturu, sabo ya tsiro da bazara. Watan Nuwamba shi ne lokacin barbararsu. Gajarcewar yini ce ke motsa jikinsu: wuyan namiji ya kumbura, ya dinga goga ƙaho a jikin ƙananan itatuwa, yana tonon ƙasa da kofato, ya rage cin abinci, ya bi mace ido rufe har tsakiyar titi. Shi ya sa motoci suka fi bankar barewa a wannan wata. Cikinta wajen kwana 200 ne, saboda haka haihuwa na faɗowa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da ciyawa ta yi kore. Kafin Nuwamba ta zagayo, 'ya'yan bana sun bar nono, suna kiwon kansu. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba uba kan taɓa kafaɗar yaron. A sa tufafi hawa-hawa, a ɗora riga da hula masu launin ruwan lemo mai ɗaukar ido. Tun 1980 doka ta wajabta wannan launi a Wiskonsin, kuma sai ya rufe aƙalla rabin jiki daga ƙugu zuwa sama. A 2016 aka ƙara halatta ruwan hoda mai haske. Mutum yana hango shi daga nesa ko cikin duhuwa, barewa kuwa idonta ba ya rarrabe shi da launin daji yadda namu ke yi. Motsi take gani, shi kam ko ƙanƙani ne. Babban makaminta kuwa hanci. Don haka darasin farko da ake koya wa yaro a cikin duhu, tun kafin a zauna, shi ne ya san inda iska ke kaɗawa. Uban zai saki ɗan gari ko audugar ciyawa, su bi ta da ido cikin hasken tocila, su zaɓi wurin da iska za ta ɗebe warinsu ta kai shi bayansu, nesa da hanyar da barewa ke bi daga gona zuwa makwancinta.

Wasu a ƙasa suke kwanto, jingine da gindin itace ko cikin 'yar rumfa. Wasu kan hau kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin bishiya, kamar mita huɗu ko biyar daga ƙasa. Faɗowa daga irin wannan kujera ya fi harsashi jikkata maharban barewa a yau, shi ya sa uba mai hankali ba ya barin yaro ya ɗaga ƙafa sai ya ga ɗamarar tsaro a jikinsa, an ƙulla ta da bishiyar.

Sai zama. Doka ta ce ba a harbi sai saura rabin awa rana ta fito, kuma ana tsayawa minti 20 bayan faɗuwarta. Tsakanin nan akwai sa'o'i masu tsawo da babu abin da ke faruwa. Yatsun ƙafa su sandare, hanci ya yi ta zuba, kurege ya yi ta sukuwa cikin busasshen ganye har yaro ya rantse babbar dabba ce ke tafe. Ba a hira, sai raɗa, ita ma jefi-jefi. Wannan zaman, a ganina, shi ne zuciyar al'amarin. A ƙasar da uba ke fita aiki tun da safe, yaro kuma yana tsakanin makaranta da waya, da wuya a sami wani dalili da zai zaunar da su biyu kafaɗa da kafaɗa yini guda suna kallon abu ɗaya. Yaron yana ganin yadda ubansa ke jure sanyi ba tare da ƙorafi ba, yadda yake juya kai a hankali, yadda yake sauke bindiga ya ƙyale dabba ta wuce saboda reshe ya tare ta ko don akwai gida a bayan tudun. Ba a yi masa lacca ba, amma ya gani. Kuma ba 'ya'ya maza kaɗai ba ne: wajen ɗaya cikin goma na maharban jihar mata ne, kuma uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, a kan kujera guda ya zama abin da ido ya saba gani.

Yawancin maharba kan gama kwana taran nan ba su kashe komai ba. Amma a ce sa'a ta zo.

"Baba, ga ta can," in ji yaron cikin raɗa.

"Na gan ta. Kada ka motsa. Bari ta juyo da gefenta."

A nan ne jiki ke cin amanar mutum. Zuciya ta hau bugu, numfashi ya sarƙe, hannu ya ɗauki kyarma har bakin bindiga ya dinga rawa. Manyan maharba ma yana kama su, suna kiransa zazzaɓi. Aikin uba a wannan daƙiƙa shi ne ya kwantar da yaron, ya tuna masa inda zai saita, wato bayan kafaɗa kaɗan, wurin huhu da zuciya, inda dabba ke mutuwa cikin 'yan daƙiƙu. In kyarmar ta ƙi tsayawa, ko dabbar ta ba su baya, sai ya dafa hannun yaron ya ce a bari. Yaro kan ji zafin wannan, wani har da hawaye, amma uban da ya bar ɗansa ya harba a kan shakka ya koya masa mugun abu tun ranar farko.

Bayan ƙarar bindiga ba a zabura a bi. Barewar da aka sama a huhu takan ruga wata 'yar tazara ta faɗi, amma in aka fafare ta nan take tana iya yin nisa ta shige fadama a rasa ta. Ana jira kamar rabin awa, sannan a sauko a je inda take tsaye a karanta ƙasa. Jini ja wur mai kumfa alamar huhu ce. Mai duhu na nuna hanta, sai a ƙara jira. In an ga guntun abinci mai kore da wari, harsashi ya shiga tumbi, wannan kuwa jiran sa'o'i ne da yawa, kuma shi ne abin da kowane maharbi ke gudu. Yaron ne ake sa wa gaba ya bi ɗigon jinin, wani lokaci da rarrafe, uban yana baya yana sa alama a inda aka ga ɗigo na ƙarshe. Dokar jihar ta wajabta wa wanda ya raunata dabba ya yi iya ƙoƙarinsa ya nemo ta, amma a tsakiyar daji babu jami'in da ke kallo. Abin da uban ya yi a gaban ɗansa shi ne dokar da za ta zauna a kan yaron.

Idan aka iske ta kwance, yara da yawa kan yi tsit. Murna da tausayi su haɗu a ƙirji guda, domin ga dabba kyakkyawa, jikinta da ɗumi, minti kaɗan da suka wuce tana kiwo. Iyayen kirki ba sa yi wa yaro dariya a nan, ba sa kuma gaggauta shi. Sai a naɗe hannun riga a farke ciki a fid da kayan ciki domin nama ya huce, a ware zuciya da hanta, a ɗaura igiya a ja ta zuwa mota. Musulmin da ya fita wannan farauta yakan yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da sauran rai ya yanka. Dā sai an kai dabbar wani shago ko gidan mai an yi mata rajista, inda jama'a ke taruwa suna duba abin da kowa ya samo. Tun 2015 ta waya ko intanet ake yi, kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari, dattawa kuma har yau suna kewar wancan taro.

Barewa guda kan ba da tsoka kamar kilo 20 zuwa 30, wadda ake yankawa a ƙulla a zuba a firiza, iyali su yi ta ci har bazara. Sayar da naman barewar daji haramun ne a dokarsu. Wanda ya samu fiye da bukatarsa yana iya kaiwa wurin mahautan da ke cikin shirin sadaka da jihar ta fara a 2000, a niƙa a raba wa mabukata. Mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, waɗanda suka riƙe haƙƙin farauta a ƙasar da suka miƙa wa gwamnatin Amurka a yarjejeniyoyin 1837 da 1842, kuma kotun tarayya ta tabbatar musu da shi a 1983, suna da al'ada mai kyau game da dabbar farko da yaro ya kashe: ana yin walima, a ciyar da dattawa da dangi, yaron ya gane cewa daga yau shi ma mai ciyarwa ne.

Wanda bai saba ba zai tambaya, kuma da gaskiyarsa, yadda za a ba yaro bindiga mai kashe dabbar kilo 100. Amsar jihar ita ce horo. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas na tsaron farauta ya ci jarrabawa kafin ya yi farauta shi kaɗai. Ƙa'idoji huɗu ake nanata masa har su zauna: ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ya nufin harbi, ya tabbatar da abin da zai harba da abin da ke bayansa, kuma yatsansa ya nisanci kunama sai ya shirya. Wannan horo da rigar ruwan lemo sun yi aiki. A farkon ƙarni na 20 akwai shekarun da ake rasa rayuka fiye da ashirin a lokacin farauta guda, yanzu kuwa akan yi shekara ba a rasa ko ɗaya ba.

A 2009 aka ba yaro ɗan shekara 10 damar farauta ba tare da kwas ba, muddin akwai babba kusa da shi inda hannu zai kai, kuma bindiga ɗaya ce tsakaninsu. Wannan tsari ne mai ma'ana. Amma a Nuwamban 2017 Gwamna Scott Walker ya sa hannu a dokar da ta cire iyakar shekaru ɗungurungum, ta kuma yarda kowannensu ya riƙe tasa bindigar. A wannan shekarar har da sunan jariran da ba su cika shekara ba aka yanki lasisi, abin da ke nuna cewa wasu manya ne ke neman ƙarin dabba da sunan 'ya'yansu. Masu goyon bayan dokar sun ce iyaye sun fi gwamnati sanin 'ya'yansu. Ban yarda da su ba. Ɗan shekara shida yana iya danna kunama ya sami dabba, amma bai kai ya auna abin da ke bayan tudu ba, bai kuma kai ya ɗauki nauyin ran da ya kashe ba. Babban da ke riƙe da tasa bindigar kuwa, idan ƙaton namiji ya ɓullo, rabin hankalinsa ya bar kan yaron. A tafi da ƙaramin yaro daji ya zauna ya kalla, ya bi sawu, ya riƙe ƙafa lokacin fiɗa, duk wannan alheri ne, bindiga kuwa ta jira. Kuma kada a manta manya ma suna kuskure: a Nuwamban 2022, a gundumar Green Lake, yaro ɗan shekara 11 ya rasu lokacin da wani babba ke ƙoƙarin cire harsashi daga bindiga a cikin mota.

Abin da yawancin yaran nan ba su sani ba shi ne, saura ƙiris kakannin kakanninsu su ƙarar da dabbar. A ƙarni na 19 an sare dazuzzuka, 'yan kasuwa suka dinga harbin barewa rani da damina suna loda nama da fata a jiragen ƙasa zuwa birane. Wajen 1900 abin da ya rage a duk faɗin Amurka bai wuce rabin miliyan ba, wasu jihohin ma ko ɗaya babu. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da tsofaffi ke ba da labarin gwanki da gada a bayan gari, yau kuwa ko zomo sai an sha wuya, ya san wannan hali. A yau ana ƙiyasta barewa mai farin wutsiya wajen miliyan 30 a Amurka, fiye da miliyan ɗaya da rabi a Wiskonsin kaɗai.

Abubuwa kaɗan ne suka juya lamarin. Dokar Lacey ta 1900 ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, kasuwar ta mutu. Jihohi suka ƙayyade lokaci da adadi, bisa fahimtar cewa namun daji dukiyar jama'a ce da gwamnati ke riƙo, ko da a gonar wani suke kiwo. Sai dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi domin kula da namun daji, da sharaɗin cewa jihar da ke son kasonta ba za ta karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki ba. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan tsarin. Akwai kuma wata doka da ta fi kowace shiga jinin maharban Wiskonsin: a 1915 jihar ta fara hana harbin mace, namiji ɗaya kawai aka yarda. Hikimar a fili take, domin namiji guda yana iya barbarar mata da yawa, mace kuwa ita ce garken gobe, sau da yawa ma tagwaye take haifa. Daga nan iyaye suka fara gaya wa 'ya'yansu cewa maharbin kirki ba ya ɗaga bindiga a kan mace, maganar ta bi zuriya har ta zama kamar addini.

Mutumin da ya yi fice wajen fito-na-fito da wannan aƙida shi kansa a hannun ubansa ya koyi farauta. An haifi Aldo Leopold a 1887 a garin Burlington na jihar Ayowa, a bakin kogin Misisipi. Ubansa Carl, mai masana'antar tebura, ya sa wa kansa iyaka tun doka ba ta sa ba: ya daina harbin agwagin ruwa da bazara lokacin da suke shirin ƙyanƙyasa, kuma ba ya kashe fiye da abin da gida zai ci. Da ya ba Aldo bindigarsa ta farko, sai ya gindaya masa sharaɗi cewa ba zai harbi makwarwa tana zaune a kan reshe ba, sai ta tashi sama. Yaron ya kusa cinye kaka biyu bai samu ko ɗaya ba, karensa yana kora masa su kan bishiya yana kallo yana ƙyalewa. Wannan yaron ne ya girma ya rubuta littafin da ya kafa ilimin kula da namun daji a 1933, ya kuma zama farfesan wannan fanni a Jami'ar Wiskonsin da ke Madison. Shi ma ya dinga fita da nasa 'ya'yan, har da farautar barewa da kwari da baka, kuma dukansu biyar suka zama masana kimiyyar halitta da ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Leopold ya yi aikin gandun daji a kudu maso yammacin Amurka yana saurayi, ya kuma san abin da ya faru a tudun Kaibab na jihar Arizona. A 1906 aka hana farautar barewa a can, aka bi kyarketai da sauran masu cin nama aka karkashe, barewa ta yi yawa har ta cinye abincinta, sannan yunwa ta kashe su da yawan gaske a tsakiyar shekarun 1920. Da ya duba dazuzzukan arewacin Wiskonsin a farkon shekarun 1940 sai ya ga alamun nan. Duk wanda ya ga yadda awaki ke aske bishiya daidai inda bakinsu ya kai zai gane hoton: daga ƙasa zuwa tsayin wuyan barewa babu ganye ko ɗaya, 'ya'yan itatuwa ba sa samun tasowa, ƙananan barewa kuma suna mutuwa da yunwa a ƙarshen hunturu saboda ba su kai inda manya ke kaiwa ba. Ya ce maganin ɗaya ne, a rage mata. A 1943 jihar ta buɗe harbinsu na 'yan kwanaki, aka kashe barewa wajen 128,000 maza da mata. Jama'a suka harzuƙa. Fim ɗin Bambi na kamfanin Disney, wanda a cikinsa maharbi ya kashe uwar ɗan barewa, ya fito shekara guda kafin nan, ga kuma masu masaukin baƙi da ke tsoron dabbar za ta ƙare. Aka yi ta zagin Leopold a jaridu har ya rasu a 1948, zuciyarsa ta buga yana taya maƙwabcinsa kashe gobarar daji.

Rigimar ba ta mutu da shi ba. A 1996 hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta gwada wani tsari a yankunan da barewa ta yi yawa: sai ka fara kashe mace kafin a ba ka izinin harbin namiji. Tsarin ya rage garke yadda ake so, amma maharba suka tsane shi, domin mutum yana iya ganin namijin da ya yi shekaru yana mafarki ranar farko ya zama dole ya ƙyale shi. Majalisar jihar ta soke shi a 2011. Ana ba da izinin harbin mata da araha a yankunan noma, amma da yawa ba sa amfani da shi, kowa yana jiran mai manyan ƙahoni da zai rataya a bango.

Ana cikin haka wata cuta ta shigo. A 2002 aka tabbatar da ita a wasu barewa da aka harbe kusa da garin Mount Horeb a kudancin jihar, cutar da aka fara lura da ita a Kolorado a 1967. Wani gurɓataccen furotin ne ke kawo ta, yana cin ƙwaƙwalwa a hankali, dabba ta rame, ta dinga dalalar da yawu, ta rasa tsoron mutum, ta mutu. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, kuma abin da ke jawo ta yana daɗewa a cikin ƙasa shekara da shekaru. A wasu sassan kudu maso yammacin jihar wajen rabin manyan maza suna ɗauke da ita. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka same ta da ita. Don haka yanzu, a waɗannan gundumomi, wani sabon mataki ya shiga cikin abin da uba ke nuna wa ɗansa: a yanke kan barewar a kai wurin gwaji, wanda kyauta ne, a ajiye naman a gefe har sakamako ya fito. Wani yaron dabbarsa ta farko a rami take ƙarewa.

Masu rage garken kuma su kansu raguwa suke yi. A 2000 an sayar da lasisin farautar barewa da bindiga kusan 700,000 a Wiskonsin, aka kashe fiye da 600,000 a duk nau'o'in farautar shekarar. A 'yan shekarun nan lasisin ya sauko ƙasa da 600,000, kuma masu furfura ne suka fi yawa. Mutane sun koma birane, gonakin da ake shiga kyauta an sayar ko an kafa musu allon hana shiga, yara kuma suna da wasanni da wayoyi. Farauta kuwa da wuya mutum ya tsince ta da girma, galibi daga uba ko kawu ko kaka ake ɗaukarta, saboda haka gidan da aka tsallake zuriya ɗaya yawanci ta fita ke nan. Kyarketai da aka ƙarar a jihar wajen 1960 sun dawo da kansu daga Minesota a tsakiyar shekarun 1970, amma a dazuzzukan arewa da tsakiya suke, ba su kai yankunan noma na kudu inda barewa ta fi cunkushewa ba.

Ga inda nake tsaye. Uban da ya hana ɗansa harbin mace a 1915 ya yi daidai, shi ne ma ya ceci dabbar. Jikansa da ke maimaita wannan hani a yau, a gundumar da barewa ke cinye gonar manomi, tana hana daji tasowa, cuta na yawo a cikin garke, ya riƙe lafazin kakansa ya saki manufarsa. Kakan yana duban abin da dajin ke bukata ne a zamaninsa. Ɗan barewar da aka haifa a Yuni ba ya mutuwa don an harbe uwarsa a Nuwamba, naman mace kuma ba ya kasa na namiji a tukunya. Saboda haka idan mace ta fito fili da hantsi, yaro ya waiwayo yana tambaya da ido, uban da ke zaune a irin wannan gunduma ya kamata ya gyaɗa masa kai, sannan a hanyar jan ta zuwa mota ya bayyana masa dalilin da ya sa kakansa bai yi haka ba, da dalilin da ya sa su suka yi.